Igiyar da ba ta jawo ma'ana: a kan fassarar «learn the ropes»

A kwalejojin karkara, kamar a Gabi cikin gundumar Madarunfa, ɗalibi yana koyon Ingilishi ta hanyar Faransanci, alhali da Hausa yake tunani. Saboda haka salon magana yakan ratsa harsuna biyu kafin ya iso gare shi.

Mu ɗauki «learn the ropes», wanda ake faɗa game da sabon shiga sana'a. Asalinsa jiragen ruwa ne na da, masu tafiya da iska, inda tilas sabon ma'aikaci ya san amfanin kowace igiya. Malami yakan kwatanta shi da «les ficelles du métier», daga nan sai ɗalibi ya ce «koyon igiyoyi».

A ganinmu wannan fassara ba ta isar da saƙo. A Gabi igiya ta guga ce, ko ta ɗaurin dabba. In an ce igiya uku kuwa, aure ake nufi.

Hausa ta rarrabe matakai biyu: «ya san kan aiki» ga wanda ya gane tsarinsa, «hannunsa ya faɗa» ga wanda ya saba har ya ƙware. Salon Ingilishin a matakin farko ya tsaya, don haka «sanin kan aiki» ya kamata a koyar.