Jinjina ga Masu Auna Launin Zuma

Ɗan kasuwar da ke Jamus ba shi da halin tsoma yatsa cikin gangar zumar da ke Ajantina ya lasa, amma dole ya san abin da zai zuba wa kuɗinsa. Masu auna launin zuma ne suka ɗauke masa wannan nauyi, kuma sun cancanci jinjina. Aikin nasu babu hayaniya. A tsiyaya zuma cikin ɗan kwalin gilashi mai tsukakken gefe, a kara shi da gilashi mai launin ruwan zuma, a riƙa gusawa a hankali har launukan biyu su saje, sannan a karanta lamba a milimita. Ma'aunin Pfund ke nan, sunan wani masanin haske ɗan Amurka. Da shi Ma'aikatar Noma ta Amurka ta kasa zuma gida 7, daga mai haske kamar ruwa, milimita 8 zuwa ƙasa, har mai duhun da ta haura 114.

Wasu na cewa launi ba inganci ba ne. Gaskiyarsu, ita kanta ma'aikatar ba ta lissafa shi cikin makin inganci. To amma launi yakan nuna irin furen da ƙudan zuma ya tsotsa, kuma galibi mai haske sanyin ɗanɗano gare ta, mai duhu kuwa ƙarfi. Zafi da daɗewa a ajiya ma duhunta zuma suke yi. Mai gidan burodi yana son mai duhu, mai ɗurawa a kwalba yana son launin bana ya yi daidai da na bara. Lamba ɗaya daga hannun mai auna ta ishe su su ƙulla ciniki ba tare da sun ga juna ba.