Masu Waldan Ƙonni da Malbaza: Yadda Suke Gane Ciwon Ƙofar Gareji

Wanda ya bi babbar hanya daga Birnin Ƙonni ta Tsarnawa zuwa Malbaza da Galmi, ko ya karkata arewa ya nufi Badagishiri a yankin Illela, ba zai rasa ganin ƙyamaren ƙarfe jingine a bakin titi ba, wasu sun sha jan fenti, wasu ana kan haɗa su, wuta na tartsatsi. Wannan ƙasa ta Adar dama ta maƙera ce tun zamanin da ake narka tama. Yau simintin Malbaza ya yawaita gidajen bulo, albasar Galmi da kasuwancin kan iyaka sun kawo motoci, kowace mota kuma tana son ƙofa mai faɗi da za ta kwana a bayanta. Yin sabuwar ƙofa aikin kowane mai walda ne. Gane abin da ke damun tsohuwa shi ne inda ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Ƙarfe yana jin yanayi. A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, a Afrilu da Mayu kuwa zafi ya haura 40, ƙarfen da rana ta dafa ma ya fi haka nesa. Ƙofa mai faɗin mita 4, idan zafinta ya sauya da digiri 30, takan miƙe ko ta tsuke da kusan milimita ɗaya da rabi. Ido ba ya ganin wannan, amma sakata tana gani. Shi ya sa gwani idan ya kafa ƙofa da hunturu yakan bar 'yar tazara tsakanin ƙyamaren biyu, ya kuma buɗa ramin sakata kaɗan, don kada bazara ta zo su cije. A ƙasashen ƙanƙara irin Kanada, abin da ke ba masu wannan sana'a aiki shi ne sifirin da ke karyewa cikin tsananin sanyi da robar ƙasan ƙofa da ke daskarewa ta manne da daɓe. A nan hunturu ƙura yake kawowa, ita ce kuma babbar abokiyar gaba.

Idan aka kira gwani, ba ya fara kunna inji. Zai buɗe ƙyauren a hankali yana saurare. Zai kama bakinsa ya ɗaga sama. Idan ya ji wasa, hinji ya cinye. Sai ya ɗauko awo ya gwada daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ya sake gwada ɗaya gicciyen. In tsawon biyu bai zo ɗaya ba, jikin ƙyauren ne ya zube. In sun zo ɗaya amma ƙofa tana jan ƙasa, sai ya rataya igiya mai ɗan nauyi a jikin ginshiƙi. Sau da yawa a nan laifin yake: ruwan damina ya kwanta a gindi, ƙasa ta sassauta, ginshiƙin ya sunkuya. Mai gida ya zo da niyyar sayen sabuwar ƙofa, sai a ce masa: "Alhaji, ƙofarka lafiyarta lau, magini za ka kira."

Kowane ciwo da maganinsa. Ƙyauren da ya zube, akan tallafe shi da jak, a dawo da shi daidai, a gitta masa ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa don ya riƙe nauyinsa. Hinjin da ya cinye, a yanke shi a sa sabo, kuma dole na sama da na ƙasa su hau layi ɗaya, in ba haka ba wata kaɗan zai sake cinyewa. Ƙasan da tsatsa ta ci, a yanke iya inda ya ruɓe a yi faci. Wannan facin shi ne jarrabawar hannu, don falle ne siriri, sandar walda ta ɗan daɗe a wuri guda sai ta huda shi, zafi ya yi yawa kuma ya kumbura ya yi tumbi. Gwani ɗigo-ɗigo yake yi, ya taɓa nan ya tsallaka can, ya bar wuri ya huce kafin ya dawo. Bayan nan ya goge, ya shafa fentin hana tsatsa, sannan na ado.

Ƙofar da ake turawa gefe a kan tayoyi tata matsalar daban. Mutane kan cika layinta da giris ko baƙin mai don ta yi santsi, ba su san cewa mai da ƙurar hunturu in sun haɗu dutsen wasa suke zama ba, su cinye taya da boris. Gwani zai wanke layin da kananzir, ya bar shi a bushe, ya sa mai kaɗan a inda ƙarfe ke juyawa kawai. Ita kuwa ƙofar da ake naɗewa sama, irin ta shaguna da wasu garejoji, sifirin ɗinta a ɗaure yake da ƙarfin da ya kai nauyin ƙofar duka. In ya kufce yana iya karya hannu ko ya fasa fuska, don haka ba a barin yaron shago ya kwance shi sai ya daɗe yana kallon maigidansa.

Duk wannan ana yin sa ne cikin takura. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, mai walda bai daina sa ido kan wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ba, musamman da Najeriya ta katse wutar da take turowa a Agustan 2023. Rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 ya taɓa duk sana'ar da ke sayo kaya ta Illelar Najeriya da Sakkwato. Irin wannan yanayi ya ƙara wa mai iya faci daraja, don tsohon ƙarfe mai kauri ya fi sabo marar nauyi.

Amma gwani na gaskiya ya san inda gyara ya ƙare. Idan tsatsa ta ci bututun da ke riƙe jikin ƙofar daga ciki, har guduma ta taɓa ya lotsa, zai faɗa maka a canza, ko da faci zai fi kawo masa ciniki a kai a kai. In za a yi sabuwa, zai kuma auna faɗinta da motar gobe, ba ta yau kaɗai ba.

Mai gida, kafin hunturu ya kankama ka share layin ƙofarka, ka ɗiga wa hinji mai, kafin damina kuma ka gyara magudanar da ke gindin ginshiƙi. Ranar da ka ji ta fara kuka ko jan ƙasa, kada ka sa yara su riƙa dannawa da ƙarfi. Kira mai walda tun gyaran yana na awa ɗaya, kuma in ya gama ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.