Ƙugiya da Madubi: Sharhi a kan Surar Baƙaƙen Boko

Abin da wannan takarda ta ƙudurta dubawa shi ne surar baƙaƙe huɗu, watau b da d da ɓ da ɗ, da kuma yadda muke gabatar da su ga yaran aji ɗaya.

In aka tsaga A ko H ko M ko T ko U gida biyu daga sama zuwa ƙasa, ɓangaren dama daidai yake da na hagu. Irin waɗannan haruffa ba su da gaba ba su da baya, don haka yaro ba ya iya juya su ko da ya so. Wahala tana wajen waɗanda suka fuskanci gefe guda. Harafin b, in aka kara masa madubi, d ne. Yaro kuwa tun yana rarrafe ya san ludayi ludayi ne, ko mariƙinsa na dama ko na hagu. Masanin ƙwaƙwalwa Stanislas Dehaene, a littafinsa na 2007 a kan karatu, ya nuna cewa haka idon ɗan Adam yake aiki, kuma koyon karatu ne ke tilasta masa barin wannan ɗabi'a. Ashe ke nan wanda ya rubuta dawa alhali bawa yake nufi ba daƙiƙi ba ne. Balle yaron da ya zo daga makarantar allo, inda hannunsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, inda kuma ɗigo ne ke raba ba da ta.

A nan ne, a ganina, waɗanda suka ɗauko mana baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, zamanin R. M. East a Zariya, suka cancanci yabo, ko da gangan suka yi ko dace ne. A duba da kyau: ƙugiyar ɓ dama ta lanƙwasa, ta rufa a kan cikin harafin, ta ɗ ma dama ta lanƙwasa, amma ta ba cikin baya. Saboda haka madubi ba ya mayar da ɓari ya zama ɗari. Ƙugiyar ta karya daidaiton da ke tsakanin b da d.

Abin takaici, mu malamai muke warware wannan aiki. Wajen duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa na sha ganin an lanƙwasa ƙugiyar ɗ zuwa hagu a kan allo, wai don ta yi kyau, ta dace da 'yar'uwarta. Da haka an ƙirƙiro wa yaro tagwaye na biyu, bayan na farkon da bai gama rabewa ba. Wataƙila manyan baƙaƙe ne ke ruɗa su, tun da Ɓ da Ɗ a hagu suke ɗauke da tasu ƙugiyar.

Sa'an nan ga jerin abacada kansa: b, ɓ, c, d, ɗ. Huɗun nan suna cunkushe wuri ɗaya, malami kuwa yakan bi jerin tiryan-tiryan, ya gama da su cikin mako guda. Jerin don ƙamus aka yi shi. Ni da za a bi tawa, a fara da m da t da w, a kawo b da ɓ, a jinkirta d sai hannun yaro ya zauna.