Tarihi a Cikin Ƙagaggen Labari: Nazari a Kan Ganɗoki da Shaihu Umar

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu dubi yadda marubucin ƙagaggen labari yake sarrafa tarihi, da kuma yadda aikin da yake ci da shi yake shafar abin da alƙalaminsa zai iya faɗa. Mun zaɓi littattafai biyu daga cikin biyar ɗin da suka fito sakamakon gasar da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, watau Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dalilin zaɓen shi ne su biyun ne suka gina labarinsu a kan wani zamani sananne da ya wuce.

Idan yawan ambaton sarakuna da yaƙe-yaƙe ne ma'auni, to Ganɗoki ya yi wa Shaihu Umar fintinƙau. Tauraronsa baraden Kwantagora ne na zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Muna ganin zuwan Turawa Bida da Kwantagora, waɗanda suka faɗi a 1901, har mu kai ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi na 1903. Malam Bello an haife shi a 1890, saboda haka yana yaro mai wayo lokacin da aka yi waɗannan abubuwa, kuma ya tashi a cikin mutanen da suka riƙe takobi a lokacin. Wannan ne ya sa kashin farko na littafin yake da zafi. Kirarin da Ganɗoki yake yi wa kansa, da yadda ake jero sunayen mazaje, duk sun fito ne daga bakin mayaƙa da maroƙansu, kuma mai karatu yana jin haka a jikinsa.

To amma me ya faru bayan Burmi? A nan ne marubucin ya saki tarihi. Ganɗoki ya nufi gabas, ya faɗa ƙasashen aljannu, ya ci gaba da cin nasarar da ƙasar Hausa ta hana shi. Ana iya cewa tsoron hukuma ne ya jawo haka, tun da marubucin malamin makaranta ne a Kwalejin Katsina, mai cin albashin gwamnatin da ta ci Kwantagora, kuma wanda zai duba littafin Bature ne. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma a ganinmu matsalar ta fi ta tsoro zurfi. Malam Bello ya ɗauko tauraro irin na tatsuniya da labarun barade, wanda ba a kayar da shi, ya sa shi a cikin tarihin da ƙarshensa kaye ne. Dole ɗaya ya ba ɗaya hanya. Da yake jarumin ba zai iya faɗuwa ba, sai tarihin ya kauce. Ko da Ganɗoki ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya zauna, babu abin da ya rage masa sai ba yara labari.

Malam Abubakar ya bi wata hanya dabam. An haife shi a 1912, bai ga yaƙi ko ɗaya ba, kuma yana da shekara ashirin da ɗaya kacal lokacin gasar, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba. Ba shi da abin da zai tuna da kansa, sai abin da ya ji daga tsofaffi. Maimakon ya nemi sarakuna, sai ya ɗauki yaro maraya da uwarsa. Makau, mijin uwar, ya bar Kagara ne saboda hassadar fadawa. An sace Umar yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, inda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya tsallaka hamada da shi. Uwar ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da za a samu a kundin tarihi. Duk da haka kowane mataki na rayuwarsu yanayin ƙarshen ƙarni na 19 ne ya haifar da shi: harin bayi, da kasuwar Kano, da ayarin da ke bin hanyar Murzuk zuwa Tarabulus. In aka cire cinikin bayi, babu labarin. In kuwa aka cire Burmi daga Ganɗoki, aljannun suna nan daram. Wannan, a ra'ayinmu, shi ne bambancin labarin da aka gina da tarihi da wanda aka yi wa ado da shi. Ko sunan Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 aka kashe shi a 1900, can wajen ƙarshe yake fitowa, kamar turken da ke nuna wa mai karatu lokacin da ake ciki.

Ba mu ce Shaihu Umar ba shi da aibu ba. Dace ya yi yawa a cikinsa, musamman haɗuwar ɗa da uwa a wata ƙasa mai nisa bayan shekaru. Har ila yau haƙurin Umar ya kai matsayin da ba ma jin fushinsa ko sau ɗaya, alhali an raba shi da kowa nasa. Mai yiwuwa ne tsarin labarin ya jawo haka, domin dattijon malami ne yake ba almajiransa labari a Rauta, kuma malami ba ya kuka a gaban ɗalibai. Mai yiwuwa ne kuma sanin cewa 'yan makaranta za su karanta ya sa aka sassauta. Gajartar littafin ma daga nan take: hukumar ƙananan littattafan karatu take bukata, sai aka dunƙule shekarun Umar na neman ilmi a ƙasar Larabawa cikin 'yan shafuka.

Abin lura kuma shi ne babu ɗaya daga cikin marubutan biyu da ya mayar da ƙaga labari sana'a, domin a lokacin babu wanda zai iya ci da ita. Malam Bello ya ci gaba da koyarwa, daga baya ya zama Walin Katsina, kuma da ya komo ga tarihi sai ya rubuta shi tsurarsa, a littafinsa na rayuwar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Malam Abubakar ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci, ya shiga siyasa, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a watan Janairu na 1966 bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba. Wasu ne suka ɗauki littafin daga nan: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.