Dodon da ke Cikin Zuciya: Sharhi a kan Fim ɗin Psycho da Ɗaliban da ke Kwaikwayonsa

Daga shekarar 2008 har zuwa lokacin da aka sauya manhaja a 2017, hukumar shirya jarrabawa ta OCR a Ingila ta tanadar wa ɗaliban darasin nazarin kafofin watsa labarai wani aiki da za su iya zaɓa a shekararsu ta farko ta matakin A-Level. Aikin shi ne su shirya mabuɗin wani sabon fim, wanda bai wuce minti 2 ba, sa'an nan su waiwayi abin da suka yi, su amsa tambayoyi 7 a kansa. Ta farko daga cikin tambayoyin tana neman ɗalibi ya bayyana yadda aikinsa ya bi al'adun finafinan da ake da su, ko ya faɗaɗa su, ko kuma ya saɓa musu. Ɗalibai da yawa sun zaɓi nau'in fim ɗin da a wannan maƙala zan kira fim ɗin fargabar zuci, wato fim ɗin da tashin hankalin da ke cikinsa yake fitowa daga tunani da halin tauraro, maimakon daga bindiga ko tseren mota. Dalilin wannan zaɓi a fili yake. Nau'i ne da ake ganin ba ya cin kuɗi: ɗaki guda, fitila guda, da abokin karatu da zai iya zare ido, sun isa.

Abin da ya ja hankalina shi ne irin bayanin da ɗalibi kan rubuta idan ya zo waiwayen. Kusan zubinsa ɗaya ne. Zai ce ya rage haske domin duhu al'adar nau'in ce, ya kusantar da kyamara ga idon tauraro domin haka ake yi, ya sa kiɗa mai tsinka zuciya, ya sa madubi domin ya nuna mutum mai fuska biyu. Daga nan sai ya ambaci Psycho na Alfred Hitchcock, ko mabuɗin Se7en na 1995, wanda Kyle Cooper ya tsara, inda ake ganin hannun makashi yana rubutu a littattafansa, yana kuma fere fatar yatsunsa da reza. Mai karatu da ya taɓa duba kundin digiri na farko a sassanmu na Hausa ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin haka namu ɗaliban kan jero jigo da salo da zubi da tsari, kowane da misali ɗaya, su ɗauka nazari ya kammala. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tambayar da ba a cika amsawa ba ita ce: shin mai kallo ya ji fargabar kuwa? In ya ji, ta wace ƙofa ta shige shi? Domin amsa wannan, ya kamata a koma ga fim ɗin da ake ta ambato a duba yadda shi ya yi nasa aikin.

Yadda Psycho ya kama mai kallo

An fitar da Psycho a 1960. Joseph Stefano ne ya rubuta shi daga littafin Robert Bloch na 1959, wanda ake danganta tushensa da labarin Ed Gein, mutumin da aka kama a jihar Wisconsin ta Amurka a 1957. Hitchcock ya shirya shi da kimanin dala 800,000, ba mai launi ba, kuma da ma'aikatan shirinsa na talabijin. Ke nan ko a ma'aunin zamaninsa fim ne mai araha, abin da ya kamata ya ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa.

Mabuɗin fim ɗin, bayan jerin sunayen da Saul Bass ya tsara, babu duhu a cikinsa ko kaɗan. Rana ce tsaka a birnin Phoenix, an ma rubuta lokacin a fuskar majigi: Juma'a, 11 ga Disamba, ƙarfe 2:43 na rana. Kyamara ta yi shawagi a kan gine-gine kamar mai neman inda za ta sauka, sa'an nan ta zaɓi wata taga ta kutsa. A ciki Marion Crane ce da saurayinta Sam Loomis, suna maganar aure da bashin da ya hana shi. Babu wuƙa, babu ihu. Abin da aka yi wa mai kallo a nan shi ne an mai da shi mai leƙen asirin mutane tun bai ankara ba, ya kuwa ji daɗin leƙen. Wannan ɗan laifi da aka ɗora masa a mintin farko shi za a yi ta ƙara wa nauyi har ƙarshen fim.

Marion ta koma ofis, aka ba ta dala 40,000 ta kai banki, ta gudu da su. Daga nan Hitchcock ya zaunar da mu a cikin motarta na tsawon lokaci, kuma a ganina nan ne gwanintar fim ɗin ta fi fitowa, ko da yake ɗalibai ba su cika kawo wannan wuri a misalansu ba. Maigidanta ya gan ta a mararraba lokacin da ya kamata a ce tana kwance a gida da ciwon kai. Ɗan sanda mai baƙin tabarau ya tashe ta daga barci a gefen hanya, ya yi mata tambayoyi, ya bi ta a baya. Ta sauya mota a gaggauce, ta cika dala 700, har mai sayarwar ya fara zarginta. Duk cikin waɗannan babu wanda ya san abin da ta aikata. Mu da ita kaɗai muka sani. Saboda haka kowane kallo da aka yi mata sai mu fassara shi da tuhuma. Haka kuma, yayin da take tuƙi, muna jin muryoyin mutanen ofis suna tattauna ɓacewarta, alhali kuwa ita ce ke ƙirƙirar muryoyin a ranta. Har akwai inda ta ɗan murmusa sa'ad da ta raya fushin attajirin da ya kawo kuɗin. Wannan murmushi ya fi madubi goma bayyana mutum mai fuska biyu, kuma bai ci ko sisi ba.

A hirar da François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966, Hitchcock ya bambanta firgita da zaman ɗar-ɗar ta hanyar misalin bam a ƙarƙashin tebur. In mutane biyu na hira bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙu. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, an kuma nuna masa agogo, to hirar banza ma sai ta zame masa abin zullumi na tsawon mintoci. Ma'anar wannan ita ce fargaba tana zuwa ne daga abin da mai kallo ya sani. Ɗalibin da ya cika minti biyunsa da inuwa da ƙarar ƙofa, bai gaya mana kome game da kowa ba, ya ɓoye mana bam ɗin da agogon duka, ya bar mu da duhu kawai.

A kan shahararriyar fitowar nan ta banɗaki ba zan daɗe ba, don an yi ta rubutu a kanta, har da fim ɗin bincike na 2017 mai suna 78/52, wanda sunansa ke nuni da matsayin kyamara 78 da yanka 52 da aka ce an yi amfani da su. An san cewa ruwan cakulan ne ya tsaya a matsayin jini, an kuma san cewa Hitchcock da farko bai so a sa kiɗa ba, sai Bernard Herrmann ya tsara nasa da kayan tsirkiya zalla, ya shawo kansa. Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin zubi shi ne lokacin da kisan ya faru. Marion ta riga ta yi nadama bayan hirarta da Norman Bates a ɗakin da ya cika da busassun tsuntsaye, ta yi lissafin abin da ta kashe, ta ƙudura mayar da sauran. A daidai lokacin da mai kallo ya saki jiki ya ce ta tsira, sai aka kashe ta, fim bai ma kai rabi ba. Shi ya sa Hitchcock ya sa gidajen sinima su hana kowa shiga bayan an fara nunawa.

Fitowar da ta biyo baya ita ce, a nawa ra'ayi, zuciyar fim ɗin. Norman ya zo ya ga gawa, ya goge jini a natse, ya sa gawar a bayan mota tare da jaridar da kuɗin ke naɗe a ciki, bai ma san da su ba, ya tura motar cikin fadama. Motar ta fara nutsewa, sai ta tsaya cak, rufinta a waje. Norman ya waiga hagu da dama. A wannan ɗan taƙi mafi yawan masu kallo sukan samu kansu suna fatan motar ta ƙarasa nutsewa. Minti kaɗan da suka wuce muna tare da Marion. Yanzu ga mu muna taya mai ɓoye gawarta addu'a. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A tatsuniyoyinmu ma Dodo a bayan gari yake, ko a bakin rafi, mai sauraro kuma yana zaune lafiya a gindin kakarsa. Abin da Hitchcock ya yi shi ne ya ɗauko tsoron daga daji ya kawo shi gida ya haɗa shi da kunya, har mai kallo ya fara shakkar kansa.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan cewa jera dabaru ba ya haifar da wannan sakamako. A 1998 Gus Van Sant ya sake shirya Psycho, kusan hoto bayan hoto, da rubutun Stefano da kiɗan Herrmann, sai dai mai launi, kuɗin satar kuma ya koma dala 400,000. An kashe kusan dala miliyan 60, amma fim ɗin bai samu karɓuwa ba, a kasuwa ko a wurin masu sharhi. Kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya shiga kallo a 1998 ya riga ya san abin da zai faru a banɗaki, Vince Vaughn kuma ya fito da alamun rashin gaskiya tun daga farko, saɓanin Anthony Perkins wanda in'ina da kunyarsa suka sa a tausaya masa. In ƙwararren darakta da wannan jari bai iya aro fargabar ta hanyar aro hotuna ba, ɗalibi mai wayar hannu ba zai iya ba.

Inda fim ɗin ya yi rauni

Ba daidai ba ne a ɗauki Psycho tamkar aikin da ba shi da aibi. Kusa da ƙarshe an kawo likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya gaban jama'a a ofis yana bayani na tsawon mintoci, yadda Norman ya kashe mahaifiyarsa da saurayinta, ya ajiye gawarta, ya riƙa sa kayanta yana magana da muryarta. Masu sharhi da dama sun soki wannan wuri, ni ma ina tare da su. Abin da hoto ya riga ya dasa a zuci, an zo ana warware shi da baki kamar lacca. Marubutanmu na zube da na wasan kwaikwayo sun san wannan jarabawa sarai, domin sau da yawa malami ko boka ko alƙali kan fito a babin ƙarshe ya fassara duk abin da ya faru, don kada a bar mai karatu da tambaya. Abin da ya ceci Hitchcock shi ne bai tsaya a nan ba. Ya koma ga Norman zaune shi kaɗai, lulluɓe da bargo, ƙuda na tafiya a hannunsa, ya ɗago kai ya dube mu yana murmushi, aka ɗan gifta hoton ƙoƙon kan mahaifiyar a kan fuskarsa. Wannan kallo ya rushe duk natsuwar da bayanin likita ya kawo.

Rauni na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ya shafi ɗalibi kai tsaye, musamman da yake ɗaya daga cikin tambayoyin nan 7 tana neman ya faɗi yadda aikinsa ya siffanta rukunan jama'a. Psycho da finafinan da suka bi sawunsa sun taimaka wajen kafa wata siffa a zukatan masu kallo, wato mai taɓin hankali makashi ne da ke jiran dama. Binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cutarwa. Ɗalibin da ya sa abokinsa ya zauna a lungu yana kaɗa jiki yana surutu shi kaɗai, sa'an nan ya rubuta cewa ya bi al'adar nau'in, gaskiya ya faɗa, amma bai tambayi kansa ko al'adar ta cancanci a bi ta ba. Ga mu da muka san yadda yara kan bi mai lalura a titi da jifa da waƙa, wannan tambaya ba ta ilimi kaɗai ba ce.

Abin lura kuma shi ne, sashen Psycho da ya fi kama zuciya bai dogara da taɓin hankali ba sam. Marion lafiyarta ƙalau. Sakatariya ce da ta yi shekara 10 tana aiki a ofis guda, ana yarda da ita, tana son ta yi aure, aka ajiye mata kuɗi a kan tebur ranar Juma'a da yamma, ba wanda zai nemi bayaninsu sai Litinin. Duk wani mai riƙe da kuɗin adashi ko na ƙungiyar ɗalibai ya san tsawon waɗannan kwanaki. Ɗalibin da aka ba shi minti 2 yana iya nuna ambulan a kan gado, da akwati buɗe, da mace tana shirya kaya tana satar kallon ambulan ɗin, kamar yadda Hitchcock ya yi, ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Idan ya zo waiwaye, zai sami abin faɗa game da abin da mai kallo ya sani, da lokacin da ya san shi, da wanda yake goyon baya a daidai wannan lokaci.