Ihun Poly Styrene ba hauka ba ne

Masu cewa faifan Germfree Adolescents na ƙungiyar X-Ray Spex hayaniya ce ta yarinyar da ba ta iya waƙa ba, ina zargin ba su wuce waƙa biyu ba suka kashe. Hukuncin nasu tsoho ne a duniyar kiɗan pank. Namiji ya yi kururuwa a ce zafin ƙuruciya ne, mace ta yi a ce ta rasa kamun kai.

Tarihin ba shi da tsawo. Marianne Elliott-Said, wadda ta tashi a Landan, uwa Baturiya uba ɗan Somaliya, ta ga Sex Pistols suna wasa a Hastings ranar da ta cika shekara 19, a 1976. Ta sa sanarwa a jarida tana neman makaɗa, ta kuma raɗa wa kanta suna Poly Styrene, wato farar robar nan mara nauyi da ake cusawa a kwalin talabijin. Faifan ya fito a Nuwamban 1978 daga kamfanin EMI, waƙoƙi 12, kuma kafin 1979 ta ƙare ƙungiyar ta watse.

To, muryar. Ba ihu take yi kai-tsaye daga farkon baiti ba, kuma nan ne masu suka ke kuskure. Takan fara layi da magana-magana, da karin harshen talakawan kudancin Landan, ta yi ta jero kalmomi da sauri kamar mai lissafin kaya. Sai ta zo wasalin ƙarshe ta kama shi, ta ja, ta tura shi sama har ya fara tsagewa, kuma daidai inda za ka ce ya kuɓuce mata sai ta yanke shi ƙat. Wanda bai mallaki numfashinsa ba ba zai iya yankan nan ba. A waƙar Identity abin ya fi fitowa: tsagewar na faɗowa a gurbi ɗaya kowane zagaye, kamar an auna da ma'auni.

Ga kuma saksofon, abin busar da 'yan pank na lokacin ke yi wa kallon kayan tsofaffi. Lora Logic ce ta fara busa shi a ƙungiyar tana 'yar makaranta, ta bar su kafin a ɗauki faifan, Rudi Thomson ne aka fi ji a ciki. Ba ado yake yi wa waƙa ba. Inda muryar ta yanke nan yake ɗauka, da kaushi irin nata, har wani lokaci kunne ya rasa inda mutum ya tsaya ƙarfe ya karɓa. Gita da ganga suna can ƙasa suna gudu, amma zancen tsakanin waɗannan biyun yake.

Mai shakka ya saurari waƙar da faifan ya ci sunanta. A hankali take tafiya, gitar na rawar ɗari, Poly na rera labarin matashiyar da tsoron ƙwayar cuta ya hana ta sakat, kullum goge haƙori da feshin turare. Babu kururuwa. Ashe tana da wata muryar a ajiye, ihun zaɓi ne.

Akwai kuma masoyan da suka rage mata tsawo ba da niyya ba, masu ɗaukarta kakar ƙungiyar Bikini Kill da sauran 'yan matan Amurka na shekarun 1990, shi ke nan. Gadon gaskiya ne, Kathleen Hanna ta Bikini Kill ba ta ɓoye shi. Amma wanda ya ji fushin mace kan maza kaɗai a faifan nan ya ji rabi. Wasu kuma sun fi yabon faifan Cut na ƙungiyar The Slits, na 1979, don ya fi salo. Ya fi ɗin, sai dai bai kai wannan cizo ba.

Ni a kunnena muryar Poly muryar talla ce. Duk wanda ya tsaya a tasha ya san yadda mai talla ke jan ƙarshen kalma don ta ratsa ƙarar motoci. Dabarar ke nan, sai dai ita ta juya ta kan masu sayarwa. Dubi abin da take waƙa a kai: kantin Woolworths, jakar leda, kayan roba, sarrafa ƙwayar halitta, yarinyar da ke neman kanta a mujalla da madubi. A bangon faifan ma an zuba 'yan ƙungiyar cikin kwalaben gwaji, kowa da tufafi masu kashe ido. Ita kanta ta hau dandamali da wayar gyaran haƙori a baki, a zamanin da kamfanoni ke neman mawaƙiya mai murmushin kalanda.

Shi ya sa waƙar rufewa, The Day the World Turned Day-Glo, ta fi min kowacce. Sunayen robobi da kayan masana'anta take jerowa ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kowanne sama kamar mai kiran ciniki, saksofon na amsa mata daga baya.