Jinjina ga malaman Ingilishi na dare a Maraɗi

Koyar da babba sai mai haƙuri. Magidanci ya wuni a kasuwa, ya zo bayan isha'i da gajiya, ga kunyar kada harshensa ya karkace a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Malaman da ke karɓar irin waɗannan ɗalibai a Maraɗi sun cancanci jinjina.

Dabararsu na fi yabawa. Ba sa fara cika allo da nahawu. Sai su haɗa mutum biyu, wannan mai saye, wancan mai sayarwa, su yi ciniki da Ingilishi har a sallama. Wanda ya yi kuskure ba a katse shi, sai ya kai aya a gyara masa cikin mutunci. Kashegari kuma, kafin a taɓa sabon darasi, a koma kan na jiya, domin abin da ba a maimaita ba ba ya zama.

Bukatar kuwa ba ɓoyayya ba ce. A Jibiya, Katsina da Kano Hausa ta wadatar, amma takardar banki da saƙon dillalin kaya daga Dubai ko Sin da Ingilishi suke zuwa, mu kuwa Faransanci muka yi a lakwal. Tun 2025 ma Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar tare da Faransanci.

Malamai, Allah ya saka muku da alheri. Roƙona ku faɗaɗa zuwa Tsibiri da Jiratawa, ku kuma ware wa mata ajin rana, don fitar dare na yi musu wuya.